In Mai Rabon Fadama Yana da Gona a Bakin Gulbi

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Gusau, ta ratsa Anka da Daki Takwas ta sauka Gummi a tsakiyar rani, ya san yadda ƙasar take komawa. Tudu ya bushe ƙayau, karan dawa ya zama abin kiwo, iska ba ta ɗauke da komai sai ƙura. Amma da ka karkata wajen Gulbin Zamfara sai idonka ya faɗa kan wani ɗan siririn kore shar, kamar an warware rawani a kan yashi. Tun daga nesa kana jin ƙarar injin ban-ruwa. Ga kwamin albasa, ga tumatir da tattasai, ga rake, ga shinkafar rani. Can gefe yaran Fulani sun koro shanu mashaya, ƙasa kaɗan kuma wata tifa ta ja da baya har cikin gulbi, samari na loda mata yashi da shebur.

A wasu wuraren faɗin koren nan bai wuce ka ƙwala kira a amsa maka daga ɗaya bakin ba. To a kansa ne mai lambu da makiyayi da masunci da mai fito da mai yashi da mai buga bulo da mai wankin ƙasar zinariya duk suka dogara. A 'yan shekarun nan har da mai neman fuloti, domin Anka da Gummi da Bukkuyum sun cika da mutanen da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukansu. Wuri kaɗan, masu so da yawa, dole a sami mai rabo. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne: in mai rabon nan shi ma yana cikin masu so fa?

Da an ce za a yi magana kan kwamiti ko hukuma, tunanin mutanenmu sai ya tafi ga sata da cin hanci. Abin da nake nufi yana zuwa ne kafin sata, shi ne ƙofar da take bi ta shigo, kuma mutumin kirki ma yana iya tsintar kansa a bakinta. Shi ne a ɗora wa mutum amanar yanke hukunci a madadin jama'a, alhali shi, ko ɗansa, ko surukinsa, ko ubangidansa a siyasa, yana da abin samu ko abin rasawa a cikin hukuncin. An sa mutum a kwamitin da zai shata hanyar ruwa, ga shagunansa a kan hanyar. An sa wani ya sa ido kan masu haƙar yashi, tifa biyu cikin masu lodin nasa ne. An ce wani ya ƙiyasta diyyar gonaki, ɗaya daga ciki ta ƙanen matarsa ce. Har yanzu babu wanda ya ɗauki kwabo. Sai dai amana da buƙatar kai sun riga sun zauna a tabarma ɗaya, kuma ba a ba kura ajiyar nama ko da ta rantse ta ƙoshi.

Wannan ba ilimi ba ne da aka kawo mana daga Turai. Duk almajirin da ya karanci Risala a zaure ya wuce ta babin shaida, inda aka hana karɓar shaidar ɗa ga iyayensa, da ta iyaye ga ɗansu, da ta abokin husuma, da ta wanda zai jawo wa kansa amfani ko ya kauce wa wata cuta da shaidar da zai bayar. A lura, ba a ce mutumin maƙaryaci ne ba. Zai iya zama limamin gari. Tuhuma kaɗai ta isa a ce ya koma gefe, kuma komawa gefen ba ta rage masa mutunci da komai. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik kuma an kawo yadda Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya ɗora wani baransa a kan hurumin kiwo na jama'a. Ya umarce shi ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, ya yi hattara da garken Ibn Auf da na Ibn Affan, saboda su in dabbobinsu sun hallaka suna da gonaki da dabino da za su koma wa, talaka kuwa in nasa sun mutu sai dai ya kwaso 'ya'yansa ya zo ƙofar shugaba. Mutanen nan biyu suna cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna. Duk da haka Umar ya san cewa mai gadi, in ya ga garken babban mutum, hannunsa yakan yi sanyi. Shehu Usmanu, wanda ya yi shekaru yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadi, ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin munanan al'adun da ya soka a Kitabul Farƙi, ƙanensa Abdullahi kuma ya yi littafi sukutum a kan hanyoyin da mutum ke mallakar ƙasar da ba ta da mai ita. Ashe tun kafin Bature ya zo da fayil ana wannan magana a nan.

To yau wa ke riƙe da alƙalamin? A al'ada uban ƙasa da hakimi da mai unguwa ne, tare da Sarkin Noma da Sarkin Ruwa da Arɗo, kowa da gefen da ake jin maganarsa, kuma har gobe yawancin cinikin lambu a gabansu ake ƙulla shi. A dokance kuwa, tun 1978 Dokar Amfani da Ƙasa ta damƙa duk ƙasar jiha amana a hannun gwamna. Filayen da aka ayyana a matsayin birni shi ke kula da su kai tsaye, sauran kuma suna hannun ƙaramar hukuma. Dokar ta ce a kafa kwamiti a matakin jiha mai ba gwamna shawara kan filaye, a cikinsa a sami aƙalla ƙwararru biyu kan sha'anin ƙasa da lauya guda. Ta kuma ce kowace ƙaramar hukuma ta sami nata kwamitin ba da shawara kan rabon ƙasa, wanda gwamna ke zaɓar mutanensa bayan ya tuntuɓi ƙaramar hukumar. Mutum nawa ne a Nasarawar Burkullu ko Bagega suka san da wannan kwamiti, balle sunayen 'yan cikinsa?

Ikon da ke nan ba ƙarami ba ne. Ƙaramar hukuma tana iya ba mutum ɗaya har hekta 500 don noma, ko hekta 5,000 don kiwo, ba tare da ta nemi amincewar gwamna ba. Ka auna wannan da lambun da magidanci ke ci da iyalinsa, wanda sau da yawa bai kai hekta guda ba, ba shi da takarda sai shaidar maƙwabta da wata bishiyar giginya da kakansa ya nuna masa a matsayin iyaka. Akwai wani abu kuma da ba a cika lura da shi ba. Kwamitin jihar da ke ba gwamna shawara kan filaye da sake tsugunar da waɗanda aka tasa, shi ne dai dokar ta ce a kai wa ƙorafi in mutum bai gamsu da diyyar da aka ba shi ba. Kuma duk tsawon dokar, ta faɗi irin ƙwarewar da ake so ga ɗan kwamiti, amma ba ta faɗi abin da zai yi ba ranar da maganar filinsa ta zo kan tebur.

Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ɗan toshe wannan ɓaraka. Sakin layi na farko a ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata da ke Jadawali na Biyar ya hana jami'in gwamnati sa kansa a inda buƙatarsa za ta ci karo da aikinsa, kuma shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli da ma'aikatansu da 'yan hukumar gudanarwar ma'aikatun gwamnati duk suna ciki. Wanda ya laɓe bayan wani ya aikata abin da aka hana, ana ɗaukarsa kamar shi ya yi da hannunsa. Hukuncin yana iya kaiwa ga sauka daga kujera, da hana riƙe muƙami har shekara 10, da ƙwace dukiyar da aka samu ta wannan hanya. Dokar hukumar ICPC ta shekarar 2000 ma ta yanke ɗaurin shekara 5, babu zaɓin tara, ga jami'in da ya yi amfani da kujerarsa ya fifita kansa ko ɗan'uwansa ko abokin hulɗarsa.

A takarda abin ya yi kyau. Amma ga inda gizo ke saƙar. Ƙa'idojin nan sun hana ma'aikacin cikakken lokaci gudanar da kasuwanci nasa na kansa, sai suka ware sana'a ɗaya tak suka ce ita ya halatta ya yi: noma. Ba na ganin laifin wannan, ƙasa ce mai buƙatar abinci, kuma wa zai raba Bazamfare da gona, jihar da takenta ma noma ne? Sai dai a bakin gulbi, noman shi ne kasuwancin. Jami'in da doka ta hana buɗe kamfanin siminti, ta bar masa ƙofar mallakar fadama a buɗe, a yankin da shi ne ke sa hannu kan rabonta. Takardar bayyana kadara kuma, wadda ake cikewa lokacin kama aiki da bayan kowace shekara huɗu, ba a liƙa ta a allon sakatariya, kuma 'ya'yan da kundin ya ce a haɗa da kadararsu su ne waɗanda ba su kai shekara 18 ba kuma ba su yi aure ba. Ɗa mai shekara talatin, da ƙane, da suruki, da yaron gida, ba su cikin lissafi. A ƙasar Hausa kuwa da sunan waɗannan ake sayen gona.

Wanda yake ganin wannan duk zancen 'yan boko ne, ya tambayi dattawan Maradun da Talata Mafara labarin Bakolori. Madatsar tana kan Gulbin Sakkwato ne, ba na Zamfara ba, amma maƙwabta ne, kuma hukuma ɗaya ce ke kula da kogunan biyu, wato Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. A 1969 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da shawarar a yi ƙaramar madatsa, a bi a hankali, kada a birkita yadda mutane suka saba noma. A farkon shekarun 1970 aka ba kamfanin Impresit, wanda ke da alaƙa da Fiat na Italiya, aikin nazari da tsarawa. Kafin a gama nazarin, ƙaramar madatsa ta rikiɗe ta zama ƙatuwa, da gagarumin aikin ban-ruwa na injuna. Da aka tashi ginawa kuma, kamfanin dai aka ba. Wato wanda aka tambaya girman rigar da za a ɗinka shi ne telan, kuma da yawan yadi ake biyansa. Ƙari a kan haka, gwamnati tana da hannun jari a reshen kamfanin na Nijeriya, ita ce mai ba da aiki, ita ce mai sa ido, tana kuma cikin masu cin riba. Manomin da ke da kuka, wa zai kai wa?

An gama ginin a 1978. Tafkin ya tashi mutane kimanin 13,000 daga gidajensu da gonakinsu na fadama, aka mayar da su tudu. Waɗanda gonakinsu suka faɗa cikin filin ban-ruwa an hana su shuka ana baje ƙasa, damina na wucewa, diyya ba ta zuwa yadda aka yi alkawari. Da haƙuri ya ƙare suka tare hanyoyin shiga wurin aikin. A watan Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka far musu. Alƙaluman hukuma na waɗanda aka kashe ba su kai mutum 30 ba, mutanen wurin da masu binciken da suka biyo baya kuwa ɗaruruwa suke faɗa. Akwai kuma wasu da ba a harbe su ba amma aka yanke musu abinci a hankali: manoman da ke ƙasa da madatsar, waɗanda ambaliyar kowace damina ke jiƙa wa fadama. Da ruwan ya ragu, masu shinkafa da yawa suka koma gero da dawa, kamun kifi ya ja baya. Babu wanda ya tambaye su tun farko, domin babu ko ɗayansu a ɗakin da aka yanke shawara. Ban ce kowane jami'in da ya sa hannu a Bakolori ɓarawo ne ba. Abin da na ce shi ne, duk wanda ke zaune a teburin yana da dalilin son aikin ya girma, wanda aikin zai danne kuwa yana waje.

Irin wannan a yau ba ya zuwa da girman Bakolori. Yana zuwa ne ƙanana-ƙanana. Tun daga 1993 shirye-shiryen Fadama na Bankin Duniya suka shigo da rijiyoyin burtsatse da injunan ban-ruwa, suka ce manoma su kafa ƙungiyoyi. Abin ya amfani jama'a ƙwarai, shi ya sa ma fadama ta yi daraja irin ta yau. Amma kowa ya san yadda wata ƙungiyar ke kasancewa: shugaba da ma'aji da sakatare gida ɗaya suke kwana, kuma mai kawo injunan yayansu ne. Haka rabon makiyaya da burtali. Shekaru aka yi ana yanka dazuzzuka da wuraren kiwo ana mayar da su gonakin masu hali, mashaya tana toshewa ɗaya bayan ɗaya, har a 2019 gwamnatin Bello Matawalle ta ba da sanarwar soke irin wannan rabo. Rikicin da ya cinye Zamfara yana da saiwoyi da yawa, ba zan ɗora shi a kan wannan kaɗai ba, amma wanda ya ce babu hannun rabon ƙasa a ciki bai zauna da makiyayi ba.

Gubar dalma ma ta koya mana wani abu makamancin haka. A 2010, lokacin da likitocin ƙungiyar MSF suka gano abin da ke kashe yara a 'Yargalma da Dareta da Abare da sauran ƙauyukan Bukkuyum da Anka, yara wajen 400 suka rasu. Ana niƙa dutsen zinariya a cikin gida, ana wanke ƙasar a tafkuna da bakin rafi. Cikin abubuwan da suka jinkirta ɗauki har da tsoron da mutane ke yi kada a faɗi gaskiya a hana haƙar da suke ci da ita. Idan uba zai iya yin shiru kan abin da ke kwantar da ɗansa saboda abincinsa na wurin, me muke tsammani daga ɗan kwamitin da ba ɗansa ne ke kwance ba?

Na taɓa zama a bayan ɗaki a wani taro irin wannan, ba zan faɗi garin ba. Maganar matsar da mashaya ce zuwa ƙasa, wai shanu na ɓarna a lambuna. Sakatare ya karanta takarda, fanka na juyawa ba ta kawo iska. Wani Alhaji cikin 'yan kwamitin ya gyara babbar riga ya ce, “Ranka ya daɗe, Allah ya sani ni don jama'a nake wannan magana. Jiya-jiya aka cinye wa wani bawan Allah albasa.” Gaskiya ya faɗa, an cinye. Abin da bai faɗa ba, kuma kowa a ɗakin ya sani, shi ne filin da ke manne da tsohuwar mashayar nasa ne, in an rufe ta lambunsa zai miƙe har bakin ruwa. Wani dattijo ya yi gyaran murya kamar zai yi magana, sai ya duƙar da kai yana jan carbi, ashe 'yarsa ce ke auren ɗan Alhajin. Shugaba ya ce, “To jama'a, an amince?” Aka yi tsit. Sakatare ya rubuta an amince baki ɗaya. Arɗo ba ya wurin, ba a aika masa ba. Da muka fito wani matashin malamin gona ya raɗa mini, “Yaya, ai ka ga abin da na gani. Amma ni wa zan kalla in ce masa ya fita?”

Tambayar yaron nan ita ce gaskiyar lamarin. Ba a sayi kowa a ɗakin ba, kunya ce ta yi aikin. Kunya abin ado ce a gidan suruki, amma a ɗakin da ake rabon haƙƙin mutane, mai ƙarfi take yi wa aiki. Shi ya sa bai kamata a bar abin ga ƙarfin halin ƙaramin ma'aikaci ba. In ƙa'ida ce rubutacciya cewa kafin a taɓa kowace magana shugaba zai tambaya ko akwai mai gona, ko ɗan'uwa, ko kwangila a wurin da ake batu, to ba yaro ne ya tozarta babba ba, tsari ne ya yi tambaya. Alhaji sai ya ce, “Ranka ya daɗe, ina da fili a nan, bari in ɗan sha iska,” sakatare ya rubuta ya fita da ƙarfe kaza, ya dawo bayan an gama. Alƙalai sun daɗe da sanin wannan, in shari'a ta shafi nasu sukan janye a ba wani. Gummi ma ba baƙuwar wannan ilimi ba ce, tunda Mai shari'a Lawal Hassan Gummi daga kujerar Babban Alƙalin Babbar Kotun Birnin Tarayya ya taso a 2013 ya zama sarkinta.

Na san abin da wani zai ce, kuma yana da hujja. A gari kamar Bukkuyum wa ba shi da gona a fadama? Wa ba ɗan'uwan wani ba ne? In duk mai alaƙa zai fita, ai sai a bar kujeru da fanka. Haka ne, kuma ni ban ce a nemo baƙo daga Abuja wanda bai san bambancin laka da jigawa ba. Mai gona a fadama shi ya fi kowa sanin inda ruwa ke kwanciya, ana buƙatarsa a kwamiti. Amma akwai bambanci tsakanin amfanin da ya game kowa da wanda ya keɓanci mutum. In ana maganar gyaran hanyar da duk masu lambu ke bi, kowa ya zauna. In ana maganar ko hanyar za ta bi ta gabas da gonar wane ko ta yamma, to wane ya tashi. Ba abu ne mai wuyar ganewa ba, tsohuwa mai rabon tuwon biki ma ta san ba ita ke zuba wa ɗakinta ba.

Wani lokacin kuma matsalar ba wanda ke ciki ba ne, wanda babu ne. Gulbi ba ya tsayawa a iyakar ƙaramar hukuma. Abin da aka tare ko aka zubar a ƙasar Anka, mutumin Bukkuyum ne zai sha, sannan na Gummi, har ya gangara Jega. Kwamitin da babu makiyayi, babu masunci, babu mai fito, babu macen da ta gaji lambu, babu mutumin gangare, ko da waliyyai aka cika shi zai karkata, don kowa ƙafar da ke masa ciwo yake dafawa.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne daminar 2024. A watan Agusta ruwa ya shiga Gummi, aka ba da rahoton ya shafi magidanta fiye da 10,000, Gwamna Dauda Lawal ya je jaje da kansa. Ba a gama share laka ba, ranar 14 ga Satumba jirgin fito ɗauke da mutum fiye da 50, galibi manoma masu tsallakawa gonakinsu, ya kife, gommai suka rasu. Allah ya jiƙansu. Bayan irin wannan musiba abubuwa sukan biyo baya a jere: kwamitin tantance waɗanda abin ya shafa, rabon tallafi, maganar sabon matsuguni a tudu, kwangilar magudanan ruwa, shata inda ba za a sake gini ba, sayen jirage da rigunan ruwa. Kowanne daga ciki kuɗi ne ko ƙasa. Wanda ya san inda za a yi sabuwar unguwa wata uku kafin a sanar, in ya aika yaronsa ya saye gonakin wurin a farashin gona, ya sayar wa gwamnati ko jama'a a farashin fuloti, bai fasa asusun kowa ba, amma da hawayen mutane ya yi kasuwa. Kuma wurin da aka tashi talaka saboda haɗarin ruwa ya kamata a sa masa ido shekara da shekaru. A Legas, a 1990, gwamnatin soja ta rushe unguwar Maroko da ke bakin ruwa, ta tashi mutane wajen 300,000 da hujjar ambaliya da rashin tsabta. Yau wurin yana cikin filaye mafi tsada a Nijeriya. Ruwan bai hana masu kuɗi gini ba.

Ba na zargin wani kwamiti da ke zaune yanzu a ɗaya daga cikin garuruwan nan uku, Anka da Bukkuyum da Gummi. Cewa nake mutumin kirkin da ke ciki ma tsarin nan kariya ne gare shi, don ranar da aka fara tsegumi a majalisar shayi, takardar da ta nuna ya fita daga ɗakin ita ce za ta wanke shi. Kuɗin yin haka bai wuce na littafi ɗaya da biro ba: a rubuta sunayen 'yan kwamiti da abin da kowa ya mallaka a bakin gulbi, a liƙa a sakatariya da ƙofar fada, a karanta duk rabon da aka yi a gaban jama'a da Hausa, ranar kasuwa, da sunan wanda aka ba da sunan ubansa. Malamai kuma da ke hawa mumbari ranar Juma'a, babin shaida na Risala yana nan, bai tsufa ba.

Kai kuma mai karatu, in kana da lambu, ko garke, ko koma, ko gidan da ruwa ya taɓa shiga, kada ka tafi kai kaɗai. Ku haɗu ku biyar ko goma, ku sami mai rubutu a cikinku, ku rubuta wa shugaban ƙaramar hukumarku takarda cikin ladabi, ku riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ma'aikata kwana 7 ta amsa irin wannan buƙata. Ku tambayi sunayen 'yan kwamitin rabon ƙasa na yankinku, da filayen bakin gulbi da aka bayar cikin shekara biyar da suka wuce, da waɗanda aka ba. Ku yi shi tun gulbi na kwance, kafin ruwan Agusta ya sauko.